Maiƙon da garehul ke bai wa ƙasa: me 0.01 ɗin nan ke nufi?

Aminu Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske a kan jadawalin wadatar abinci na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. A layin garehul, ɗan itacen nan dangin lemo mai ɗan ɗaci, gurbin da ke nuna giram nawa na maiƙo kowane mutum ke samu a rana, ƙasashe da yawa 0.00 aka rubuta musu, wasu kuma 0.01. Sifirin nan na nufin ba a shan garehul a ƙasar ne, ko kuwa ba a tattara alƙaluman ba? Sannan idan ƙasa ta tashi daga 0.01 zuwa 0.02, zan iya rubuta cewa maiƙon ya ninka?

Malam Habu:
Wa'alaikumus salam, Aminu. Kada ka rubuta haka tukuna, fara sanin inda lambar ta fito.

Ba wanda ya bi gida gida ya auna abin da mutane suka ci. Lissafin ƙasa ne dunƙule. Ana ɗaukar abin da aka noma a shekara, a haɗa da abin da aka shigo da shi, a cire abin da aka fitar waje, a gyara da abin da ya shiga ko ya fita daga ajiya. Wannan shi ne abin da ke cikin ƙasa. Daga nan a cire wanda ya ruɓe tsakanin gona da kasuwa, da wanda aka yi wani amfani da shi ba na ci ba. Abin da ya rage shi ake kira abinci. A raba shi da yawan jama'a, a sake rabawa da kwana 365, sannan a ninka da yawan maiƙon da ke cikin giram 100.

Garehul kusan giram 0.1 na maiƙo ke cikin kowane giram 100. Yanzu ɗauki ƙasar da rabon kowane mutum ya kai kilo 1 a shekara. A rana giram 2.7 ke nan, maiƙonsa 0.003. Jadawalin gurbi biyu kawai yake nunawa bayan ɗigo, sai ka ga 0.00. Ana shan garehul ɗin, lambar ce ba ta kai ta fito ba.

Tambayarka ta biyu kuwa, gwada da kilo 5 a shekara: giram 13.7 a rana, maiƙo 0.0137, a rubuta 0.01. Badi ya zama kilo 5 da rabi: giram 15.1 a rana, maiƙo 0.0151, a rubuta 0.02. Ƙarin kashi 10 cikin 100 ne kacal, amma a ido kamar ya ninka.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya yi bayani, amma a 0.1 ɗin nan ma da sauran rina a kaba. Jadawalin sinadaran abinci na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ya ba farin garehul giram 0.10, ja da ruwan hoda kuma 0.14. To amma na tsokar da ake ci ne. Kusan rabin nauyin garehul ɓawo ne da farin ɓargon ciki da ƙwallaye da fatar da ke raba yanka-yanka. Shi kuwa manomi da jami'in kwastan duka ɗan itacen suke aunawa, har ɓawonsa. Don haka idan ka ninka nauyin da aka noma da 0.1 kai tsaye ba ka cire abin da ake zubarwa ba, ka kusa ninka amsar. Abin da ya dace shi ne kilo 5 ɗin ya koma kamar kilo 2 da rabi na tsoka, sannan a yi lissafin maiƙo.

A shinkafa ko man gyaɗa irin wannan kuskuren zai ta da hankali. A garehul bambancin tsakanin 0.007 ne da 0.014, kuma duka biyun 0.01 za su fito a takarda.

Malam Tukur:
To in haka ne, ni ban ga dalilin ajiye wannan gurbin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maiƙo kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a abinci. Mai cin kalori 2000 a rana, kalori 600 ke nan, a raba da 9 tun da giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ne, ya ba ka kusan giram 67. Sa 0.01 kusa da 67 ka gani. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan giram 14 ne. Kafin ka samu wannan daga garehul sai ka cinye kilo 14 na tsokarsa. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne, riɗi ma haka, piya kuma kusan giram 15 a cikin 100. Waɗannan su ne abin dubawa in ana maganar maiƙo. Layin garehul bai taka kara ya karya ba, ɗalibai kawai yake ruɗawa.

Malam Habu:
A nan na saɓa maka, Malam Tukur. Ba don a karanta shi shi kaɗai aka yi layin ba. Jadawalin kamar littafin ɗan kasuwa ne, dole kowane kaya ya samu layinsa kafin jimla ta daidaita. Kowane abinci ana ba shi gurbi iri ɗaya: kilo a shekara, kalori a rana, furotin a rana, maiƙo a rana. In ka ce a cire maiƙon garehul saboda ƙanƙanta, gobe a cire na lemun zaƙi, jibi na tumatir da albasa da kankana. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma in aka tara 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki gaba ɗaya sukan ba da abin da za a iya gani a jimla. Kuma wa zai yanke iyakar da za a fara cirewa?

Laifin yana wurin waɗanda ke tsinko layi ɗaya su zana masa jadawali mai hawa da sauka, su jera ƙasashe daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe kamar gasa.

Malam Tukur:
Na yarda da batun jimla. Amma jeren ƙasashen nan shi ne ke damuna, don sunan layin ma ba gaskiyar abin da ke cikinsa yake faɗa ba. FAO garehul da pomelo wuri ɗaya take haɗa su. Pomelo shi ne babban nan mai kaurin ɓawo, wanda aka samu garehul daga haɗuwarsa da lemun zaƙi a tsibirin Barbados a ƙarni na 18. Chana ce ke kan gaba a wannan layin, tana noma kusan tan miliyan 5 a shekara, wajen rabin na duniya ke nan, amma mafi yawansa pomelo ne daga lardunan Fujian da Guangdong da Guangxi. Biyetnam ma pomelo ne nata. Afirka ta Kudu da Meziko da Turkiyya da Isra'ila kuwa garehul ne na ainihi. Ɓawon pomelo ya fi kauri sosai, don haka abin da Hajiya ta faɗa na cire abin zubarwa ba ɗaya ba ne a wuraren biyu. Ka ga an jera ƙasashe a layi guda alhali ba abu guda suke ci ba.

Hajiya Rabi:
Ga kuma ƙananan tsibirai. Dominika a yankin Karibiyan tana noman garehul, mutanenta kuwa kusan dubu 70 ne. In ka raba amfanin gona da jama'a kaɗan haka, rabon kowa sai ya yi tsalle. Kuskuren tan dubu ɗaya a ƙiyasin abin da aka noma ba zai motsa lambar Chana ba ko kaɗan, amma a ƙasa mai mutum dubu 70 kilo 14 ne a kan kowane mutum. Shi ya sa in ka ga ƙaramar ƙasa a saman jeri, ka fara tambayar yadda aka ƙiyasta asarar da ta yi, da kuma nawa baƙi masu yawon buɗe ido suka sha a otal-otal.

Aminu Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, na fara gano bakin zaren. To Najeriya fa, Malam? Ana samun garehul a kasuwa amma ban ga abin kirki a layinmu ba.

Malam Tukur:
Dalili shi ne yadda ake kai rahoton. Dangin lemon da Najeriya ke nomawa, kusan tan miliyan 4 a alƙaluman FAO, a dunƙule suke shiga ƙarƙashin "sauran dangin lemo", ba a ware lemun zaƙi daban, tanjarin daban, garehul daban ba. Lambar layin garehul 2613 ce, ta sauran dangin lemo 2614. Garehul ɗin da aka tsinka a gonakin Binuwai aka loda a mota zuwa kasuwannin arewa, in ya shiga lissafi, a 2614 yake. Don haka sifirin Najeriya da sifirin ƙasar da ba ta da bishiyar ko ɗaya ba ma'anarsu ɗaya ba.

In kana son misali na kusa da ya fito fili, duba Sudan. Tana cikin manyan masu noman garehul a Afirka, sama da tan dubu 200 a shekara, a lambunan Kassala da na bakin kogin Nilu, kuma kusan duka a gida ake shanye shi. Raba wannan da jama'a fiye da miliyan 40, za ka samu kusan kilo 5 ɗin nan da Malam Habu ya yi misali da shi. Ƙasar da garehul ke cika kasuwa ke nan a lokacinsa, amma maiƙon da yake bayarwa 0.01 ne.

Dakta Sa'adatu:
Bari in shigo ta ɓangaren ɗakin gwaji, don ita kanta 0.1 ɗin ba a sauƙaƙe ake samunta ba.

Tsokar garehul kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Sai an fara busar da ita a tanda a daka ta zama gari. Giram 100 na ɗanye ya ba ka kamar giram 10 na busasshe. A ɗibi giram 5 a zuba a ƙoƙon takarda, a sa a na'urar Soxhlet, a bar sinadarin hekzen ko fetur-ita yana zagayawa yana wanke shi wajen awa 6. Sai a ƙafe sinadarin, a busar da kwalbar a zafin digiri 105, a bar ta ta huce a tukunyar da ke tsotse danshi, a auna. Bambancin nauyin kwalbar kafin da bayan aiki shi ne maiƙon.

Giram 5 na busasshen nan ya fito ne daga giram 50 na ɗanye, don haka abin da kake nema giram 0.05 ne kawai. A nan matsaloli ke fitowa. In ka auna kwalbar da sauran ɗuminta, ma'auni zai ba ka ƙasa da nauyinta. In ka bar ta a sarari ta sha danshi, ya ba ka sama. Taɓa ta da hannu ba safa ma yana barin maiƙon yatsa a jiki. Dole ma'auni ya zama mai gurbi huɗu bayan ɗigo, kuma a maimaita gwajin sau uku aƙalla.

Babbar matsalar ita ce ƙwallo. Busasshen ƙwallon garehul kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa mai ne. Ƙwallo ɗaya ko biyu suka kuɓuce aka niƙa su tare da samfurin, sakamakon ya lalace, don man da ke cikinsu zai iya kai wanda ke cikin tsokar gaba ɗaya. Haka in wuƙa ta kankaro ɓawo, kakin da ke bayansa zai narke a sinadarin a ƙirga shi. Launin jan garehul ma yana narkewa ya bi. Idan ka ga takardar bincike ta ce tsokar garehul na da maiƙo giram 1 ko 2 a cikin 100, duba ko a kan busasshen nauyi aka yi lissafin, ko kuma ƙwallo ya shiga.

Bashir Mai Kanti:
Dakta, in matse ɓawon garehul kusa da ashana wuta take kamawa, kuma ana sayar da mansa a ƙananan kwalabe. Wannan ba mai ba ne? Ina ganin an yi tuya an manta da albasa.

Dakta Sa'adatu:
Sunan ne ya zo ɗaya, Malam Bashir, amma ba abu ɗaya ba ne. Man ɓawo man ƙamshi ne, mafi yawansa sinadarin limonin, kuma yana tashi a iska. Ɗiga shi a farar takarda, bayan ɗan lokaci tabon ya kusa ɓacewa. Ɗiga man gyaɗa, tabon yana nan har gobe. Maiƙon abinci shi ne na biyun, wanda jiki ke narkarwa ya samu kalori 9 a giram. Man ɓawo a turare da sabulu da ƙamshin lemon kwalba yake ƙarewa, ɗigo-ɗigo, ba ya cikin lissafin maiƙo. Man ƙwallon shi ne maiƙo na gaske, amma mutane tofar da ƙwallon suke yi saboda ɗaci.

Malam Habu:
Wani wurin da lissafi ke karkacewa shi ne ruwan garehul na kwali da na gwangwani. Sunan layin "garehul da abin da aka sarrafa daga gare shi", don haka dole a mayar da ruwan zuwa nauyin ɗan itacen da aka matse. Kilo 2 na garehul ke ba da kusan kilo 1 na ruwa. Wanda aka ƙafe ya yi kauri don fitarwa waje kuma an rage shi wajen sau biyar zuwa shida, don haka tan ɗaya nasa yana wakiltar fiye da tan 10 na ɗanye. In takardar kwastan ba ta bambanta mai kauri da tsararo ba, aka yi amfani da ma'aunin da bai dace ba, ƙasar da ke shigo da shi za ta fito da ƙasa da abin da take sha, ko ta fito da fiye.

Ga misalin da ke nuna cewa gurbin maiƙo ba wurin neman labarin garehul ba ne. A Amurka, jihar Florida ta girbe kusan akwati miliyan 40 na garehul a kakar 2003 zuwa 2004. A 2005 aka gano cutar nan da ke hana dangin lemo nuna da kyau, wadda wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa daga bishiya zuwa bishiya, ga kuma guguwa da ta yi ta kayar da gonaki. A kakar 2022 zuwa 2023 girbin bai kai akwati miliyan 2 ba. Sana'a guda ta durƙushe, amma maiƙon da Ba'amurke ke samu a rana, wanda ya haura giram 150 a wannan jadawalin, ko gezau bai yi ba.

Bashir Mai Kanti:
To batun da ake yi cewa garehul na ƙona kitse fa? Masu son rage teɓa suna nemansa sosai.

Hajiya Rabi:
Tsohon zance ne, tun shekarun 1930 ake yayata shi a Amurka. Babu wani sinadari a garehul da aka tabbatar yana narkar da kitsen jiki. Abin da ke faruwa shi ne giram 100 na tsokarsa kalori 30 zuwa 40 da 'yan kai ne, ga ruwa ga harza. Wanda ya sha rabin garehul kafin cin abinci cikinsa ya ɗan cika, sai ya rage tuwo. Kankana ko kokwamba ma za su yi wannan aikin. In kuma aka barbaɗa masa sukari cokali biyu don kashe ɗaci, ribar ta ragu.

Amfaninsa na gaske bitamin C ne, sama da miligiram 30 a giram 100. Jan kuma yana da sinadaran launi da jiki ke amfana da su, waɗanda sai da maiƙo hanji ke tsotsarsu da kyau. Tun da shi ba shi da maiƙon, ya fi kyau a sha shi tare da abinci ko da 'yar gyaɗa.

Yaya Hadiza:
Tun da an zo nan, bari in yi hannunka mai sanda, don wannan ya fi 0.01 muhimmanci nesa ba kusa ba. Garehul yana karo da magunguna da yawa. A Kanada aka fara gano haka a 1989, a wani gwaji da maganin hawan jini felodipine. Akwai sinadarai a cikinsa da ke kashe wani ma'aikacin sinadari a bangon hanji, mai suna CYP3A4, wanda aikinsa rage ƙarfin wasu magunguna kafin su shiga jini. In ya mutu, maganin ya shiga fiye da yadda likita ya ƙiyasta. Kofi ɗaya ya isa, kuma raba lokaci ba ya magance shi, don jiki kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya ƙera sabo.

Masu shan simvastatin ko atorvastatin don rage kitsen jini, wasunsu kan nemi garehul da sunan rage teɓa. Maganin in ya taru yana iya jawo ciwon tsoka mai tsanani har ya taɓa ƙoda. Masu shan maganin hawan jini nifedipine kuma jininsu na iya sauka ƙasa, ga jiri da kumburin ƙafa. Pomelo ma haka yake yi. Lemun zaƙi ba ya yi.

Sai maganin zazzaɓin cizon sauro, haɗin artemether da lumefantrine. Lumefantrine sai da maiƙo yake shiga jini sosai, shi ya sa ake cewa a sha da madara ko bayan abinci mai ɗan mai. Bincike ya nuna kusan giram 1.2 na maiƙo ya wadatar. Kofin ruwan garehul bai kusa ba da wannan ba, sannan yana ƙara yawan artemether a jini, har takardar maganin ta ce a guje shi. Mara lafiyar da bakinsa ba ya son abinci, a ba shi madara ko kunun gyaɗa ya haɗiye maganin da shi.

Aminu Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri. Ga yadda na tsara zan rubuta: garehul na ba da ƙasa da giram 0.02 na maiƙo ga kowane mutum a rana a mafi yawan ƙasashe, kuma wannan abin da mutane ke ci ne a matsakaici. Ya yi?

Malam Habu:
Gyara rabin na biyu. Rubuta "abin da ke samuwa ga kowane mutum". Lissafin a bakin kanti yake tsayawa, bai san wanda ya ruɓe a kwando a gida ba, ko wanda aka yanka aka bar rabi. Rabin farkon kuma kada ka rubuta shi sai ka ƙirga ƙasashen da kanka a shekarar da ka zaɓa, ka kuma faɗi shekarar.

In kana son nuna hawa da sauka, bar gurbin maiƙo mai lamba 684, ɗauki na kilo a shekara mai lamba 645, ka yi ninkin da kanka har gurbi huɗu bayan ɗigo, ka bayyana ma'aunin da ka yi amfani da shi, na tsoka ne ko na duka ɗan itacen. Kada kuma ka manne tsohon jeri da sabo. Tsohon daga 1961 zuwa 2013 yake, sabon ya fara daga 2010 da wata hanyar lissafi, an canza ƙiyasin asara da na yawan jama'a. Shekaru huɗun da suka haɗu, 2010 zuwa 2013, jera su gefe da gefe ka ga tazarar kafin ka ja layi ɗaya.

Malam Tukur:
In Sudan ka ɗauka, lura da 2011. Kafin ballewar Sudan ta Kudu a watan Yuli na shekarar, alƙaluman na tsohuwar ƙasar ne a haɗe, daga 2012 aka raba su. Lambunan garehul mafi yawa a arewa suka zauna, jama'ar da ake rabawa da ita kuma ta ragu da miliyoyi, don haka rabon kowane mutum zai iya tashi ko da ba a dasa bishiya ɗaya ba. Sa alama a wannan shekarar a jadawalinka, ka rubuta dalilin a ƙasansa.